Ranar Da Buhun Shansherata Ya Gwada Birkin Keke

Na tsufa, ban ɓoye ba. Yanzu sai in shiga ɗaki in tsaya tsakiya, in rasa abin da ya kawo ni. Amma akwai abu ɗaya da ko mantuwa ta cinye mini komai ba za ta taɓa shi ba, da shi za a kai ni kushewa: shekarar da maza masu gemu, kusan rabin gari, suka taru suka shaida cewa wani keke yana da birki, ni kuwa da ban taɓa ɗora ƙafa kan feda ba ina zaune ina kallo, na san ba shi da shi.

Garinmu yana kan tudu, tsakanin Illo da kogi. Duk mai son zuwa Bagudo sai ya bi gangaren da ke bayan gari, ya kai mashigi, ya shiga jirgi. Gangaren nan ba abin wasa ba ne. Jar tsakuwa ce, ruwan damina ya tsattsaga ta, ga kwana a tsakiya, ƙarshensa kuma ba fili, kana sauka sai laka, bayan laka sai ruwa. Jaki ma in ya zo da kaya a kaikaice yake sauka.

Lokacin an kwana biyu da fara Shari'a. Ban musa ba, ta zo da alheri, an rufe mashayun bakin iyaka, 'yan karta sun shiga taitayinsu. Amma akwai mazan da duk abin da suka tsinta a cikinta shi ne tsaron mace, kuma ɗana na fari yana cikinsu. Ya rantse matarsa ba za ta ƙara hawa kabu-kabu bayan ƙaton da ba muharraminta ba. To, madalla. Sai ka ce yana da babur ɗin da zai ɗauke ta. Ba shi da shi. Fataucin bandar kifi yake yi, kuma kifi bai taɓa saya masa babur ba. Abin da ya iya yi shi ne ya je kasuwar Illo wurin masu gwanjon Kwatano, ya dawo yana tura wani keke da ban taɓa ganin irinsa ba.

Tayoyinsa ɓul-ɓul, masu ƙurji kamar bayan kada. Ba madigadi, ba ƙararrawa, ba kariyar ɗaukar kaya, kujerarsa kuwa ba ta kai faɗin tafin hannuna ba. Wai keken hawan dutse ne na Turawa. Abin da ya fi ɗaukar hankalin maza shi ne birkinsa. Babu waya. Wani siririn tiyo ne ya taso daga hannu ya gangara zuwa taya, da mai a cikinsa, jikin tayar kuma ga wani faifan ƙarfe mai huji-huji. In ka taɓa hannun birkin da yatsa ɗaya sai keken ya kafe cak. Gaskiya ce, na gani. Kwana da kwanaki ba a yi wani aiki a majalisar ƙofar gidanmu ba sai taɓa birki. Manyan mutane, masu jikoki, suna layi su matsa su ce, "Kai! Bature shaiɗani ne."

A nan sai in gaya muku abin da ya ɗaure ni, don 'yan yanzu ba su san shi ba. Uwata Bafulatana ce, kuma yadda ta raine ni, ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a kallon idonsa, ba a zama a yi hira da shi. Kakarsa ce ta goya shi. Tun da na haife shi ban taɓa ce masa "kai" ba. In ina da magana sai in faɗa wa bango, ko kaji, ko wanda ke kusa, shi kuma ya amsa wa bangon. Haka muke, kuma gida bai rushe ba.

Matarsa, ɗiyar mutane, mai haƙuri ce har abin yana ba ni haushi. Cikin da ta yi na baya ba mu samu ba, an sha wuya kafin a raba su. Wannan karon cikin ya tsufa, ƙafafunta suka kumbura har ba ta iya sa takalmi, fuskar ma ta tashi. Ungozomar garinmu ta duba ta, ta jawo ni gefe ta ce wannan ya fi ƙarfinta, a kai ta asibitin Bagudo ranar awo, kada a wuce. Na faɗa wa bango. Bango ya amsa cewa an ji, shi da kansa zai kai ta mashigi a kan kekensa, ba ƙaton da zai ɗauki matarsa. Saura a sa wa keken kariya.

Mai gyaran keke a garinmu ƙanen marigayi mijina ne, baffan yaron ke nan. Rumfarsa tana daura da inda nake shanya shinkafa, don sana'ata gumi ce, in sayi shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, in turara in shanya in kai inji. Wuni nake a nan da sanda ina korar awaki, saboda haka ba abin da ke faruwa a rumfar nan da ido na bai gani ba. Shi mutumin nan ya iya baƙin keke irin na da, wannan ba na hana shi. Ya yi faci, ya ɗaure sarƙa, ya ja waya. Amma a duniyarsa duk abin da ke da taya biyu ɗaya ne, kuma abu na farko da yake yi wa kowane keke shi ne ya kife shi, kujera ƙasa, tayoyi sama, kamar akuyar da za a feɗe. Haka ya yi wa wannan. Ya bar shi a kife yana neman ƙarfen da zai lanƙwasa, a kife ya wuni, a kife ya kwana, yara suna zuwa suna juya tayoyin, manya suna matsa birkin don su ga tayar ta tsaya.

Da ya gama ɗaure kariyar da notina, ya miƙe keken, ɗana ya kama hannun birki. Sai hannun ya tafi luɓus, har ya taɓa kan keken, kamar ka matsa dafaffiyar kabewa. Ya sake matsawa, haka. Na gaba haka, na baya haka. 

Baffan ya ce, "Ba komai, waya ta saki." Ya ɗauko filaya ya bi tiyon nan daga sama har ƙasa yana neman wayar da zai ja. Ina kallo. Da bai samu ba, sai ya ga wani ɗan noti kusa da taya ya kwance shi. Wani mai ja-ja, tsararo, ya tsiyayo masa a hannu. Ya sansana, ya goge a wando, ya ce, "To ga cutar nan. Ruwa ya shiga." Ya matse shi tas ya zubar a ƙasa.

Daga nan kowa ya zama likita. Wani ya ce bakin mutane ne, keken ya sha kallo. Wani ya ce zafin ƙasarmu ne ya narkar da birkin, don an yi shi ne don ƙasar sanyi. Wani ya ce a zuba man gyaɗa, ai mai mai ne. Sai wani da ya taɓa yin yaron mota a hanyar iyaka, wanda tun daga ranar ba a ƙara yi masa gardama kan ƙarfe ba, ya ce ku matsa, birki ai man birki yake sha. Aka aika gareji aka samo man birkin mota a gwangwanin tumatir. Baffan ya buɗe wani ɗan murfi a wurin hannu, ya ɗura, rabi a ciki rabi a ƙasa, ya rufe. Da aka juya taya sai faifan ƙarfen ya yi ƙara, ƙiii. Ya ce ƙishi yake ji. Ya tsoma gashin kaza a baƙin mai, ya shafe faifan nan gaba da baya har yana sheƙi. Ƙara ta ɗauke. Majalisa ta ce, "Sai Baffa!"

Ni ban yi boko ba, ban yi makanikanci ba. Amma na yi shekaru ina riƙon tukunya, na san abin da hannu mai maiƙo ke yi wa murfi. Abin da aka yi don ya kama, ka shafa masa mai, ka ce ka gyara?

Suka gano cewa in aka matsa hannun, aka sake matsawa, aka sake matsawa da sauri, yana ɗan yin tauri. Shi ke nan sai aka yanke hukunci cewa dama haka birkin Bature yake, sai an yi masa famfo. Aka gwada shi a gaban rumfa, inda yashi yake har idon sawu, wurin da keke ko ba birki in ka daina tuƙi zai tsaya don kansa. Ya tsaya. Aka yi kabbara.

Abin da ba su gani ba, ni na gani. Duk sanda yaron nan ya dawo gida, kafin ya kai ƙofa sai ya sauke ƙafar dama yana jan ƙasa. Har wani ɗan kwari ya fito a ƙofar zaure. Na ɗauki silifansa da ya cire zai yi alwala, na juya, diddigen ya cinye har ana hango ƙasa ta ciki. Shi kansa ya san abin da ke tsayar da kekensa. Amma baffansa ya ce an gyara, gaban mutane, kuma shi ba ya ƙaryata baffansa.

Ƙanen miji abokin wasa ne, shi kaɗai nake iya faɗa wa magana ba sakaye. Na tashi da sandata na je rumfar.

Yana hango ni ya ce, "A'a, matata ta kaina! Yau an tuna da ni? Ina tuwona?"

Na ce, "Tuwon rago a tukunya yake kwana. Wanga keke da ka gyara, ba ya tsayawa."

"Ke mi kika sani ga keke? Ko kin fara hawa da dare ba mu sani ba?" Majalisa ta fashe da dariya.

Na ce, "Na san ɗiyar mutane za a ɗora kansa a bi gangare da ita, da ciki a gaba."

Ya ce, "Tun ba a haifi ɗanki ba nake gyaran keke a garin nan. Wa ya taɓa mutuwa?"

"To hau ka sauka mashigi mu gani."

Ya dafa gwiwa ya ce sanyi ke damunsa, in ba don haka ba da yanzu ya je ya dawo. Na dubi sauran shaidun, masu kabbara, na ce ko akwai mai hawa. Wannan ya tuna bai yi alwala ba, wancan ya hau gyaran hula. Tsohon yaron mota ya ce shi ya saba da sitiyari. Amma duk da haka ba wanda ya janye shaidarsa. Keke lafiya lau, tsohuwa ce ke da fitina.

Na dawo gida na kira matar. Na ce ta gaya wa mijinta ba za ta hau ba. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane, ta ce, "Inna, in na faɗa zai ce na raina baffansa. Allah zai kiyaye." Na ce Allah yana kiyayewa, amma shi ya ba ki baki.  Da yamma yana cin tuwo a tsakar gida, na dubi bango na ce keken wasu mutane da silifa yake tsayawa. Ya daina tauna. Can sai ya ce wa bangon a gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, Baffa ya gyara, famfo kawai ake yi.

Za ku ce me ya hana in buɗe baki in ce na hana. Na yi tunanin haka. Da na hana, da ya bi, ranar awo kawai. Amma keken yana nan, ciki yana nan, kuma naƙuda ba ta sallama. Ranar da ta tashi ina inji ko ina kasuwa, abin da ke jingine a zaure shi zai jawo, yana ganin taimako yake yi. Magana ba za ta fitar da keken nan daga ransa ba, don maganar maza goma ta riga tawa shiga. Sai jikinsa ya gaya masa. Kuma gangaren nan ko ta yaya zai sauke shi. Abin da ya rage a hannuna kawai shi ne in zaɓi abin da zai kasance a bayansa.

Ana gobe awo na auna shanshera na cika buhu, na ɗaga na ji, na ƙara, har sai da na ga ya yi kusa da nauyin mace mai ciki. Na ɗinke bakinsa. Na ce wa kaji a gaya wa mai sabuwar kariya ya kai mini buhun nan mashigi ya ba mai jirgi, akwai mai jiransa a Bagudo. Aiken uwa ne, ba ya ƙi. Na zaɓi hantsi, lokacin da masu wanki sun tashi, yara suna makarantar allo, jirgin safe ya riga ya tafi da mutane. Na riga shi fita, na bi gangaren a hankali da sandata. Na tarar da Sarkawa masunta suna gyaran koma a bakin ruwa. Na ce su janye jirgin da ke daidai bakin hanya, kuma kada su yi nisa, akwai babban kifi da zai faɗo daga tudu. Suka dube ni, suka dubi juna. Suka janye.

Na zauna gindin wata ƙirya inda nake ganin hanyar tun daga sama. Ba zan yi muku ƙarya ba, bakina bai daina motsi ba, duk addu'ar da na sani sai da na karanta.

Sai ga shi ya ɓullo, hula a karkace, buhu ɗaure a baya, yana zaune ɗas kamar mai zuwa ɗaurin aure. Farkon gangaren ya zo da sauƙi. Da keken ya fara ɗaukar gudu na ga hannayensa sun fara aiki, matsa, saki, matsa, saki. Famfon ke nan. Keken bai ji ba. Ya sauke ƙafar dama, silifa ta yi sama. Ya sauke ta hagu, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Kafin ya kai kwanar nan ya fara salati da ƙarfi, irin wanda ban taɓa jin ya yi ko a masallaci ba. Yadda ya sha kwanar ban sani ba, buhun ya karkata gefe, tsakuwa tana tashi. Ya wuce ni fuuu, idanunsa waje, har yanzu yana famfo. Tayar gaba ta shiga laka ta kafe, ta baya ta tashi, shi da buhu suka bi ta saman kan keken. Shi ya faɗi a taɓo da kafaɗa. Buhun ya daki wani turken ɗaure jirgi ya fashe, tun daga baki har gindi, shanshera ta watsu cikin ruwa.

Buhun nan na tsaya ina kallo. Yadda ya tsage a tsakiya, yadda cikinsa ya zube. 

Sarkawa suka ruga suka ciro shi. Ni ba dama in ruga, ɗan fari ne, ga mutane. Sai na lallaɓa na je na durƙusa kusa da shi ina tsintar shanshera a laka, wai ita ta dame ni, ina bin gaɓoɓinsa da wutsiyar ido. Kai lafiya. Ƙafafu suna motsi, ko da yake tafin ya sale. Haƙorin gaba ɗaya ya tafi. Hannun hagu yana lilo, ya karye a ƙasan gwiwar hannu. Yana numfashi, yana tofar da laka. Na ce wa agwagin da suka taru kan shinkafata, Alhamdu lillahi.

Kafin azahar labari ya gama gari, kuma abin mamaki, ashe duk majalisar nan dama sun san birkin ba ya kamawa. Wanda ya ce bakin mutane ne ya ce ai ya faɗa. Mai man gyaɗa ya ce da an bi tasa da ba a kai haka ba. Tsohon yaron mota ya ce gwangwanin tumatir ɗin ne ba a wanke ba. Baffan kuwa ya zo har gida, ana ɗora wa yaron karan ɗori, ya tsaya a kaina.

"Ke kika yi wa keke lodi! Wa ya taɓa ɗora buhu guda a keken Bature?"

Na ce, "Je ka ɗaga matarsa ka ji, in buhun ya fi ta."

 Ya dubi ɗakin da take kwance. Ranar ba a kira ni matata ba.

Washegari amalanken shanu na nema wurin dangin uwata. Muka shimfiɗa katifa, na zauna kusa da ita, mai shanu yana gaba yana riƙe da igiya, muka sauka gangaren taku-taku. Mijin yana biye a ƙasa, hannu rataye a wuya, ba takalmi. Ba wanda ya tayar da zancen muharrami. A asibiti suka duba ta suka ce ba za ta koma gida ba sai ta sauka, jininta ya hau. Can muka zauna da ita har Allah ya sauke ta lafiya, aka samu ɗiya mace.

Bayan suna na ce keken nan ko a gyara shi gyaran gaskiya ko a jefa shi kogi. Aka je Illo aka zo da wanda ya sayar da shi, wani Badande ɗan tsallaken iyaka, mai yawan dariya, Hausarsa a karye. Na ce a gabana za a yi, a ƙofar rumfar baffan. Ya sansana wurin hannun birkin, ya shafa faifan ya dubi yatsansa baƙi ƙirin, ya riƙe kai. Ya ce man mota yana cinye robar da ke ciki, ta kumbura ta lalace, wannan birkin ya mutu gaba da baya, sai an sa wani. Ya ciro na wani mataccen keke daga jakarsa ya ɗaura. Takalman birkin da ke cafke faifan, 'yan ƙanana kamar ƙwayar gurjiya, ya ce sun sha baƙin mai ba sa wankuwa, ya jefar. Faifan ya wanke da sabulu, ya goge da sabon tsumma, ya hana kowa taɓawa.

Sannan ya yi abin da na daɗe ina son gani. Keken a tsaye, ba a kife ba. Ya sa ɗan katako a inda takalman ke zama, ya ɗaura wani ɗan kofi a sama wurin hannu, ya cika sirinji da mai ja-ja irin wanda baffan ya zubar, ya soka ta ƙasa wurin taya, ya riƙa turawa a hankali. Sai ga kumfa yana fitowa cikin kofin, ɓul, ɓul, kamar ka nutsa gora a kogi. Ya riƙa ƙwanƙwasa tiyon da gindin sukudireba, yana ɗan taɓa hannun birkin yana saki, kumfa yana ƙara fitowa, har ya daina. Ya rufe, ya mai da komai. Ya ce in matsa. Na sa yatsa, na ji abu ya tsaya tauri tun rabin hanya.

Na ce, "To mene ne ya same shi tun farko?"

Ya ce, "Iska ne, Inna. Mai ba ya matsuwa, iska yana matsuwa. Ɗan iska kaɗan yana zaune sama nan wurin hannu, ba ya ɓarna. An kife keke, an matsa, ya bi tiyo ya tafi wurin taya. Da an tayar da shi an bar shi tsaye, ana ɗan taɓa hannu, wataƙila ya koma wurinsa."

Wato da baffan ya je ya yi barcinsa, da ya fi gyara.

Amma kada ku ɗauka Badanden nan ya burge ni. Na ce masa, "Kai da ka san haka, ranar da ka sayar mi ya hana ka ce kada a kife shi, kada a ba shi man mota?"

Ya yi dariya ya ce, "Ba a tambaye ni ba, Inna."

Na ce, "Ai kuwa. Da an binne mutum biyu ma ba za a tambaye ka ba." Dariyar ta tsaya. Na sa shi ya hau keken da kansa, da buhu a baya, ya sauka gangaren ina kallo. Ya tsaya a kwana, ya tsaya a tsakiya, ya tsaya kafin laka. Sannan na ce a ba shi ruwa ya sha.

An jima bayan haka, wata rana da la'asar, ɗiyar tana cinyata, uban yana zaune nesa yana murza hannun da ya warke a ɗan karkace. Ya daɗe yana kallon bango. Sai ya ce, da iskar da ke fita ta gurbin haƙorinsa, "A tambayi Inna, ranar da ta aike ni da buhu, ta san birkin nan ba ya kamawa?"

Matar ta ɗago kai tana jiran ta ji. Na gyara wa jaririyar hula. Na ce, "A gaya masa na sani. A gaya masa shi ma ya sani."

Bai sake tambaya ba har yau.

Akwai masu cewa na yi rashin imani, wai uwa ba ta tura ɗanta gangare. Su faɗa. Yawancinsu suna cikin masu kabbara a yashi. Abin da na koya, kuma nake gaya wa duk wanda zai ji, shi ne yawan masu cewa abu ya gyaru ba ya gyara shi, musamman in ba ɗaya daga cikinsu da zai yarda ya hau. Ka dubi wanda ya ce lafiya lau, ka ce masa bismilla, fara. In ya tuna da ciwon gwiwa, to ka samu amsarka. Kuma duk abin da za ka ɗora wa rai, fara ɗora masa abin da in ya fashe za ka iya sharewa ka koma gida.